Gina wa Alhazai Hanyoyin Ƙafa: Yadda Haɗari ke Ƙaura Daga Wuri Zuwa Wuri

Rana na faɗuwa ranar 9 ga Zulhijja, filin Arfa yakan tashi gaba ɗayansa. Wanda ya wuni a cikin tanti da wanda ya wuni a gindin Dutsen Rahama hannuwa a sama, duk a lokaci guda suke naɗe shimfiɗa su fuskanci Muzdalifa. Ba mai ficewa kafin faɗuwar rana, ba kuma mai cewa zai bari sai gobe idan hanya ta yi sauƙi. A Hajjin 2024 mutum miliyan 1 da dubu 833 ne suka yi wannan tashi, a 2012 kuwa sun haura miliyan 3. Gari na wayewa su sake ɗunguma zuwa Mina, daga nan Jamra, daga nan Harami, su komo Mina. Akwai bas, akwai jirgin ƙasa, amma duk wanda ya sauke farali ya san cewa mafi yawan aikin Hajji ƙafa ce ke yin sa.

Mai tsara filin wasa ko babbar tashar jirgi yana da zaɓi. In wuri ya yi kaɗan sai ya nemi wani, in lokaci ya matse sai ya raba taron kwana biyu. Wanda aka ɗora wa gina hanyoyin alhazai ba shi da ko ɗaya daga ciki. Mina kwari ce tsakanin duwatsu, iyakarta daga Jamratul Aƙaba zuwa Wadi Muhassir, kuma babu injiniyan da zai matsar da ita. Ranakun ma ƙidayayyu ne. Ga kuma irin mutanen da za su bi hanyar: tsofaffin da suka shekara da shekaru suna tara kuɗin kujera, masu hawan jini da ciwon suga, masu keken guragu, daga ƙasashe fiye da 100, kowa da harshensa, akasarinsu ba su taɓa ganin wurin ba, kuma sun kwana biyu ba su sami barcin kirki ba.

Kafin a yi maganar siminti da ƙarfe, sai an fahimci abin da ke kashe mutum a cikin taro. Masana cunkoso suna auna shi da yawan mutanen da ke tsaye a murabba'in mita ɗaya, wato fili da ya ɗan ɗara darduma guda. Mutum biyu a wannan fili suna tafiyarsu yadda suke so. In suka kai huɗu, tafiya ta koma jan ƙafa. Da sun kai shida ko bakwai, jikinka ya daina zama naka: inda taro ya karkata can kake karkata, har ƙafarka takan bar ƙasa kana tsaye. A nan ne ƙirji ke matsewa. Mutum ya fitar da numfashi, ya rasa sararin da zai shaƙo wani, ya suma a tsaye, ya rasu ba tare da ya faɗi ba. Saboda haka yadda ake yawan ba da labarin, wai mutane sun firgita sun yi gudu sun tattake juna, yana ɓatar da mai sauraro. A irin wannan matsi ba inda za a gudu.

Ka ɗauki dattijuwa ɗaya a tsakiyar irin wannan taro, ta riƙe gefen haramin ɗanta da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma da ƙunshin tsakuwoyinta. Wani ya taka mata silifa ta baya, silifar ta cire. Ta sunkuya ta ɗauka, kamar yadda kowa zai yi. Waɗanda ke bayanta dama jingine suke da ita, su ma na bayansu jingine da su. Tana yin ƙasa sai wurin ya zama rami, na kusa su rufta a kanta, ramin ya ƙara faɗi. Taku talatin daga nan, mutane suna ta kabbara suna matsowa, domin ba su san abin da ke faruwa a gaba ba. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Kowa tura shi ake yi.

Abin da ke kai taro ga wannan hali lissafi ne mai sauƙi. Hanya shimfiɗaɗɗiya, duk faɗin mita ɗaya nata yana iya wuce da mutum kimanin 80 a minti ɗaya, in komai na tafiya daidai. Ke nan hanya mai faɗin mita 10 za ta ɗauki 800 a minti. To a ce masu shigowa 1,000 ne a minti. Kowane minti mutum 200 sun rasa wurin zuwa, cikin kwata ɗaya sun zama 3,000 cunkushe a bakin hanyar. Kamar mazurari ne: ba ruwansa da girman bakinsa na sama, tsukakken wuyansa ne ke yanke yawan abin da zai wuce. Kuma wani abin takaici, da cunkoso ya wuce wani matsayi, yawan masu ficewa raguwa yake yi, alhali masu shigowa ba su ragu ba. Kwana mai kaifi, motar da aka ajiye a gefe, mai talla da ya baje kaya, mutanen da suka shimfiɗa tabarma suna barci, kowanne yana iya mai da hanyar mita 10 ta koma ta mita 6.

Wannan darasi da rayuka aka saye shi. Ranar 2 ga Yulin 1990, mutum 1,426 suka rasu a cikin ramin Mu'aisim, hanyar ƙafa da aka huda ta cikin dutse a Mina, yawancinsu 'yan Indunusiya, Maleshiya da Pakistan. Rami yana gajarta tafiya ƙwarai a gari irin Makka da duwatsu suka kewaye, sai dai ba shi da gefe. In gaba ta toshe, ba katangar da za a haura, ba lungun da za a ratse, ga zafin jikin dubban mutane a rufaffen wuri. Shi ya sa ramukan ƙafa na yanzu ake ware na masu zuwa daban da na masu dawowa, da manyan fankoki a rufinsu.

Daga nan sai masifar ta tare a wurin jifa. A 1994 mutum kusan 270, a 1998 sama da 100, a 2001 mutum 35, a 2004 kimanin 250, a Janairun 2006 sama da 340. Wuri ɗaya, ibada ɗaya, shekara bayan shekara. Da rashin haƙurin alhazai ne kaɗai sanadi, da an ga irin haka a ko'ina cikin Masha'ir, wato Mina, Muzdalifa da Arfa. Tsarin wurin ne ke da matsala. Jamrorin har zuwa 2004 ginshiƙai ne sirara a tsakiyar ɗan zagayen kwano, kowa kuma so yake ya matsa kusa don ya tabbata tsakuwarsa ta faɗa inda ya kamata. Mai jifa dole ya tsaya cak har ya jefa bakwai, yayin da na baya ke tahowa. In ya gama sai ya juya ya nemi hanyar da ya fito, ya yi karo da masu shigowa. Ga masu kwana a gefen gadar da ake hawa a yi jifa, ga masu sayar da kaya.

Sai kuma batun lokaci, wanda a ganina shi ne gishirin maganar. Ranar 12 ga wata, mai son yin gaggawa sai ya yi jifa ya bar Mina kafin rana ta faɗi, jumhurun malamai kuma sun ce lokacin jifan yana shiga ne bayan zawali. Tsakanin zawali da magariba awa biyar zuwa shida ne. Raba mutum miliyan 2 a kan awa shida, za ka sami sama da dubu 330 a kowace awa, wannan ma in sun rarrabu daidai. Ba sa rarrabuwa daidai. Tun hantsi ake taruwa a bakin gada ana jiran rana ta karkata, da yawa ɗauke da jakunkunansu don su wuce Makka kai tsaye. Abin da ya faru ke nan ranar 12 ga Janairun 2006, wadda ta yi daidai da 12 ga Zulhijja: a mashigar gabas, jim kaɗan bayan zawali, kaya suka zube a ƙasa, mutane suka yi tuntuɓe da su.

Hoton bidiyon wannan rana ya zama abin nazari. Wani masanin kimiyya ɗan Jamus, Dirk Helbing, da abokan aikinsa sun bi shi daki-daki, suka ga taron ya bi matakai uku. Da farko yana gudana sumul. Sai ya koma a tafi a tsaya, a tafi a tsaya. Daga ƙarshe sai ya shiga tangaɗi, ana wurga mutane hagu da dama ba da sonsu ba. Muhimmin abin da suka gano shi ne alamun suna bayyana mintuna da dama kafin mutum na farko ya faɗi. Ma'ana, mai kallon kyamara da ya san abin da yake nema yana da damar tsai da masu tahowa tun daga nesa.

Bayan Hajjin 2004 an riga an rushe ginshiƙan, aka gina bangaye masu tsawon mita 26 a madadinsu, masu siffar ƙwai a miƙe, yadda mutane da yawa za su yi jifa a lokaci guda suna tafe ta gefe. Bayan na 2006 kuwa gadar gaba ɗaya aka rushe. Sabuwar tana da tsawon mita 950, faɗin mita 80, hawa biyar, mashiga 12 da mafita 12, an kashe mata sama da Riyal biliyan 4, kuma an tsara ta ta wuce da mutum dubu 300 a awa. Kowane hawa da inda mutanensa ke fitowa, don kada na wannan unguwa su haɗu da na waccan. Tsakuwoyin da aka jefa suna gangarawa can ƙasa a kwashe. Amma a wurina abin da ya fi hawa biyar ɗin daraja shi ne doka ɗaya: hanya ɗaya ce, gaba kawai. Ka shigo ta ɓangaren ƙaramar Jamra, ka wuce ta tsakiya, ka kai Aƙaba, ka fita ta wata hanyar dabam, ko da za ta zagaya da kai nesa kafin ka isa tantinka. Alhazai da yawa suna ƙorafin wannan zagaye, kuma gajiyarsa gaskiya ce. Askar ɗin da ya tare ka ya hana ka juyawa, yana ta “Hajji, ɗariƙ!”, wato a ba da hanya, ranka yake tsarewa. An kuma hana shiga da manyan kaya, an kori masu kwana a hanya, an shigo da tsarin da ake kira tafwij, inda kowane rukunin tantuna ke da lokacin fitarsa. Tun daga lokacin ba a sake ganin irin waccan asarar rayuka a kan gadar ba.

Sai ga safiyar 24 ga Satumban 2015, ranar Sallah. Wannan karon a cikin titunan Mina abin ya faru, inda titi na 204 ya haɗu da na 223, kan hanyar zuwa gadar. Hukumomin Saudiyya suka ce ayari biyu ne suka gamu a mahaɗar. Titunan nan tsakanin shingayen tantuna suke, zafi kuma ya haura digiri 40. Adadin da Saudiyya ta bayar shi ne 769, amma ƙidayar da kamfanin dillancin labarai na AP ya haɗa daga sanarwar ƙasashe ta haura 2,400. Iran kaɗai ta rasa 464. Najeriya ta rasa ɗaruruwa, cikinsu har da fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Ministan lafiyar Saudiyya na lokacin ya ɗora laifi a kan alhazan da ba su bi jadawalin fita ba. Ko da an sami waɗanda suka saɓa, tsarin da zai rushe don wasu sun fito kafin lokacinsu bai cika tsari ba, domin a taron miliyoyi dole a sami mai ɓata, mai rashin fahimta, mai neman matarsa da ta ɓace. Sarki Salman ya ba da umarnin bincike, amma ba a fitar da cikakken sakamakonsa ga jama'a ba, kuma wannan babbar asara ce. Bidiyon 2006 da aka bari masana suka nazarta ya amfani masu shirya taruka a duniya. Na 2015 ma da ya yi haka. Mun yi imani da ƙaddara, kuma imanin nan bai taɓa hana Musulmi ɗaure raƙuminsa ba.

Abin da 2015 ta nuna shi ne an faɗaɗa wuya ɗaya na mazurari, sai matsin ya koma wuya na gaba. Gada mai ɗaukar dubu 300 a awa tana zaune ne a ƙarshen titunan da ba su kai ta faɗi ba. Don haka daga ƙofar tanti har a dawo ƙofar tanti hanya ɗaya ce, kuma ƙarfinta bai wuce ƙarfin mafi tsukewar wurinta ba. Mahaɗar hanyoyi ita ce ta fi haɗari. Inda duk ayari biyu za su gicciya, ko dai ɗaya ya bi ta sama ɗaya ta ƙasa, ko a raba musu lokaci. Shingayen gefe su kasance da ƙofofin da za a iya buɗewa nan take, a kuma sami sarari nan da can inda taro zai iya bazuwa in gaba ta tsaya.

Jirgin ƙasan Masha'ir ma yana cikin wannan lissafi. An buɗe shi a 2010, tsawonsa kilomita 18, tashoshi tara, uku-uku a Arfa, Muzdalifa da Mina, yana iya kwasar mutum dubu 72 a awa. Ya rage dubban motoci daga hanya, wannan alheri ne babba. Sai dai jirgi ɗaya yana sauke mutum kusan 3,000 a lokaci guda, kuma dukkansu da ƙafa za su bar tashar. Kowace tasha ke nan sabon wurin taro ce da ke bukatar nata matakalai, nata wurin jira, da raba masu hawa da masu sauka.

A cikin Harami ma haka aka yi ta yi. An kawar da gine-ginen da ke tsakiyar filin ɗawafi, aka bar Maƙamu Ibrahim cikin ɗan ƙaramin gida na gilashi, aka rufe mashigar rijiyar Zamzam da ke filin. Faɗin wurin sa'ayi an ninka shi daga mita 20 zuwa 40 a zamanin Sarki Abdullah, bayan doguwar muhawara tsakanin malamai kan iyakar Safa da Marwa. Wannan muhawara tana tuna mana cewa a wannan aiki injiniya ba ya zana layi shi kaɗai, sai da malami a gefensa. Haka batun jifa da dare, wanda malamai da dama suka halatta, da saɓanin da ke akwai kan jifa kafin zawali, da wakilta wa mai rauni. Duk awa ɗaya da aka ƙara wa lokacin jifa tana rage matsi kamar an ƙara wa gada faɗi, shi ya sa abin da malamin ayari zai faɗa wa alhazansa a tanti yake da nauyi ƙwarai.

Kuma asalin wannan duka yana cikin Hajjin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ya taso daga Arfa yana janye linzamin taguwarsa yana cewa mutane su natsu, su natsu. Ya yi wa Nana Sauda da masu rauni izini su bar Muzdalifa da dare kafin turereniyar jama'a. Malaman fiƙihu sun kawo cewa an so a tafi Arfa ta hanyar Dabb a dawo ta Ma'azimaini. Rage gudu, fitar da masu rauni a wani lokaci na daban, raba hanyar zuwa da ta dawowa: su ne dai abubuwan da masu kyamara da kwamfuta suke ta nanatawa yau. Hidimar hanyar alhazai ma tsohuwar sadaka ce. Zubaida, matar Haruna Rashid, har yau da sunanta ake kiran hanyar Kufa zuwa Makka saboda rijiyoyi da tafkunan da ta sa aka gina a kanta.

Ruwan nan da Zubaida ta damu da shi ya kawo mu ga haɗarin da ya fi sabunta. A Hajjin 2024 ba a yi turmutsitsi ba, amma mutum 1,301 suka rasu, lokacin da zafi a Makka ya kai digiri 51.8 a ma'aunin salshiyas. Hukumomi sun ce kashi 83 cikin 100 na mamatan ba su da takardar izinin Hajji, wato tasrihi, don haka ba su da tanti mai sanyi, ba su da bas, suka yi doguwar tafiya a rana tsaka. Hanya na iya yin faɗi yadda ake so, ta kashe mutum in ba ta da inuwa. Baƙar kwalta tana shan rana ta mayar wa mai tafiya ta ƙasa, silifar roba kuma ba ta tare komai. Hanyar ƙafa da ta taso daga Arfa ta ratsa Muzdalifa zuwa Mina yanzu tana da turakun feshin ruwa, famfunan sha da wuraren zama, an kuma fara shafa wa wasu sassa farin fenti mai mayar da zafin rana, da shimfiɗa kwalta mai haɗin roba don sauƙaƙa wa gwiwa. A 2025 an umarci alhazai su zauna cikin tantunansu ranar Arfa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma.

Ƙananan abubuwa a nan ba ƙanana ba ne. Tsohon da ya san banɗaki yana da nisa zai ƙi shan ruwa, daga nan zafi ya kayar da shi. Alamar hanya da aka rubuta da Larabci da Turanci kawai ba ta amfani wanda bai iya karanta ko ɗaya ba, gara launi da lamba da hoto. Wanda ya ɓata shi ne ke tsayawa a tsakiyar hanya ko ya juya baya, kuma mun ga abin da juyawa baya ke haifarwa. Batun marasa izini ma yana da fuska biyu. Hana su shiga wajibi ne, tunda duk lissafin faɗin hanya da jadawali a kan sanannen adadi aka gina shi, shi ne ma dalilin rabon kujeru na mutum 1,000 ga kowane Musulmi miliyan 1 da ake bi tun ƙarshen shekarun 1980. Amma wanda ya riga ya shigo, ya faɗi a gefen hanya, ruwa da inuwa haƙƙinsa ne, kuma tsoron kamu bai kamata ya hana shi neman agaji ba.

Hajji yana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, yana zagaye damina da rani da hunturu cikin shekara 33. Yanzu yana fita daga tsakiyar zafi, shekaru masu zuwa za su zo da sauƙi, daga baya kuma ya komo. Wannan tazara ita ce lokacin aiki a titunan cikin Mina da mahaɗunsu, da rufe dogayen hanyoyin ƙafa da rumfa. Filin Arfa yau cike yake da bishiyoyin darbejiya da aka dasa shekaru da dama da suka wuce, alhazai na fakewa a ƙarƙashinsu. Waɗanda za a jera a gefen hanyar Muzdalifa zuwa Mina, in aka dasa su a 'yan shekarun nan aka ja musu ruwa, za su yi rassa kafin Hajji ya sake faɗowa a watan Yuli.